Takalman Injin Hamidou

Duk mai jin Hausa da ya zauna a Greensboro a farkon shekarun dubu biyu ya san Hamidou, ko da ba su taɓa zama sun yi hira ba. Shi ne dogon mutumin nan mai ɗan gemu da ake tararwa a bayan gida ranar kowane suna, hannun riga a naɗe, yana fiɗar rago. In injin yankan ciyawarka ya ƙi tashi, wurinsa za a tura ka. In injin wankin matarka ya fara kukan da ba a saba ji ba, shi ne dai. Ba ya karɓar ko sisi, kuma ba ya son doguwar godiya. Kana tsakiyar yi masa addu'a zai ce, "Bon, sai an jima," ya tattara sifanoninsa ya tafi.

Mutumin wani ƙauye ne kusa da Birnin Ƙonni, a Nijar. Shekara tara ya yi yana tsaron injin niƙan kawunsa kafin ya bar gida, kuma a nan ya koyi duk abin da ya ci abinci da shi daga baya. Ya ce mini mace za ta kawo ƙwaryar gero ta rantse ta tsince shi tas, shi kuwa sai ya zura hannu ya laluba har ƙasa, don tsakuwa ɗaya ta isa ta hana unguwa guda tuwon dare. A 1991 ya sauka New York, ya sayar da agogo da huluna a bakin titi har sanyi ya kusa cinye masa yatsu, sannan ya bi ayarin 'yan ƙasarsu da suka gangaro kudu saboda aikin masana'anta da arhar haya. Ya samu aiki a wata masana'antar safa. Da shara ya fara, ya ƙare shi ake nema in inji ya tsaya. Bokonsa bai wuce aji uku ba. Abin alfaharinsa ɗaya ne, shi ma sau ɗaya na ji ya faɗa: inji bai taɓa lalacewa a hannunsa ba.

Ni kuwa sunana Zubair, ɗan Fagge a Kano. Aikin kwamfuta nake yi a wani kamfanin inshora, ina zaune gefen Sedgefield a gidan haya inda har ciyawa wasu ke yanke mana. Ina da ciwo guda wanda matata Bebi ta ce ba ya jin magani: bakina ba ya iya furta "ban sani ba". Ga shi kuma na taɓa yin zangon karatu ɗaya a Michigan, lokacin sanyi, kafin in gudo. Wata huɗu ne kacal, kuma duk dusar ƙanƙarar da na gani a can ta taga na gan ta, ina rungume da hita, ma'aikata suna kwashe ta a ƙasa. Amma a garin da ƙanƙara ke leƙowa sau ɗaya ko biyu a shekara, wata shekarar ma ta yi fashi, wata huɗun nan sun ishe ni sarauta. Da an ga sama ta yi fari sai a ce a tambayi Zubair, ni kuma in gyara zama.

A 2001 Hamidou ya sayi gida a McLeansville, can gabas da gari, inda gidaje ke warwatse tsakanin gonaki. Ƙaramin gida ne na katako, amma da fili gaba da baya. Daga bakin kwalta zuwa ƙofarsa taku ɗari da ashirin ne, hanya ce ta tsakuwa mai ɗan hawa. Mutane suka yi ta surutu. Ɗantala direban tasi, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya ce Hamidou ya tsallako teku ne don ya sake komawa ƙauye. Wasu suka ce wa zai bi ka daji in abin farin ciki ko na baƙin ciki ya same ka. Ni ma na tofa albarkacin bakina, har da misalai.

Bai tanka wa kowa ba. Sai wata rana muna zaune a matakalar gidan, lokacin matarsa Kaltouma tana Nijar tana jiran takardu, ya ce mini, "Zubairu, duk sunan da aka yi a wanga gari ni na fiɗe ragon. A fakin, a bayan masallaci, a ɗakin haya. In Allah ya ba ni haihuwa, nan ƙofar gidana za a yi. A shimfiɗa tabarma, a yanka rago inda uwar ɗa za ta ji kabbara daga ɗaki." Bai ƙara ba.

A watan Janairun 2002 aka yi ƙanƙarar da ta rufe shi cikin gidan kwana biyu. Motocin gwamnati sun share kwalta, amma hanyar gidanka taka ce, kai za ka ji da ita. Ya yi ta fama da shebur har bayansa ya riƙe. A bazarar shekarar Kaltouma ta iso, shekara ta zagayo ta samu ciki, likita ya ce haihuwa sai Fabrairu. Hamidou ya dubi hanyar tsakuwarsa, ya dubi cikin matarsa, ya kira ni a waya.

"Kai da ka san neji," in ji shi, don haka yake kiran dusar ƙanƙara da Faransancinsu, "zo ka raka ni in sayi mashin ɗin kwashe ta."

Ina ajiye waya na ce wa Bebi an zo neman shawarata. Ta ce Allah ya tsare.

A kantin da muka fara shiga na nuna masa wani ɗan ƙaramin inji ja, mara nauyi, mai kyan gani. Na ce irinsa kowa ke amfani da shi a Michigan, abin da ban san gaskiyarsa ba har yau. Hamidou ya matso kusa da shi. Ya durƙusa, ya kwantar da injin a gefe kamar mai duba haƙoran akuya, ya sa yatsa ya juya robar da ke bakinsa.

"Wagga robar ƙasa take shafa," ya ce. "Ita ka jan shi gaba. A kan siminti lafiya lau. A gidana tsakuwa za ta ci."

Na ce ai Turawan da suka ƙera shi sun san da tsakuwa. Ya ce sun sani, shi ya sa suka ƙera wani. Muka fito hannu rabbana, ina ta bayani har mota.

Bayan mako biyu ya ji labarin wani dattijon Bature a Summerfield da ya ƙauro daga Ohio, yana sayar da tarkacen da ba su da amfani a kudu. A nan muka ga injin. Ƙato ne, ya kai nauyin ɗan maraƙi, fentinsa ya koɗe. Yana da faffaɗan baki na ƙarfe, a ciki akwai haƙora murɗaɗɗu masu tattaro ƙanƙara su miƙa wa wata fanka a baya, ita kuma ta cilla ta waje ta wani bututu da ake juyawa dama ko hagu. A gefe da gefen bakin akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu faɗi, kowanne da noti biyu. Dattijon ya ce sunansu takalma. In ka sauko da su, bakin injin ya ɗaga daga ƙasa, ya wuce ta saman tsakuwa bai taɓa ta ba. Ni nake yi musu tafinta, amma na lura kafin in gama juya magana Hamidou ya riga ya gyaɗa kai. Ya sa aka tayar da injin, ya rufe ido ya saurari kukansa, ya cire fulogi ya duba, ya ce, "Wala, shi ne."

Kafin mu tafi dattijon ya ba shi wasu 'yan ƙusoshi a leda. Ya ce su ne ke riƙe haƙoran, kuma da gangan aka yi su da rauni, don in dutse ya maƙale su karye, injin ya tsira. Hamidou ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce da injin niƙan kawunsa yana da irin wannan, da sun huta da kuka.

Ranar ya saita takalman a gabana. Ya sa 'yan siraran katako biyu a ƙarƙashin leɓen injin, kaurin yatsu biyu, ya kwance notina takalman suka sauka suka taɓa ƙasa, ya ɗaure, ya zare katakon. Daga nan ya shiga kiwon inji. Duk wata sai ya fito da shi daga rumfa, ya tayar na minti biyar don kada fetur ya kwana ya toshe shi, ya goge, ya mayar. Nuwamba ta wuce, Disamba ta wuce. Abin da ya ɗan zubo a Janairu tsintsiya ma ta ishe shi. Ɗantala ya ce Hamidou ya sayi kwalekwale a Agadas. Ranar wata Juma'a a ƙarshen Fabrairun 2004 Kaltouma ta haifi 'ya mace, sama garau, hanya a bushe. Da na je barka har na ce masa da ya bi shawarata ya sayi ƙaramin, da asarar ba ta kai haka ba.

Ranar Alhamis, jajibirin suna, ƙanƙara ta fara sauka da rana. Kafin magariba an daina ganin ciyawa. Waya ta yi ta yawo a gari, kowa yana tambaya ko za a ɗaga sunan, ko a mai da shi masallaci. Hamidou ya ce kwana bakwai kwana bakwai ne, rago yana ɗaure a bayan gida, ƙarfe goma na safe kowa ya zo, hanya za ta kasance a buɗe.

Bayan sallar asuba na ɗauki Bebi da tukwanenta muka kama hanya, muna tafiya kamar masu rakiyar gawa. Na ajiye mota a bakin kwalta muka taka. Mun tarar Hamidou har ya buɗe layi ɗaya tun daga ƙofa zuwa titi, daidai faɗin mota. Saura a faɗaɗa hanyar, a kuma share filin gaban gida inda motoci ashirin za su tsaya. Amma dole ya tafi cikin gari ya ɗauko Malam Sale, tsohon limaminmu da ba ya tuƙi, kuma da irin hanyar ranar zuwa da dawowa zai ci fiye da awa guda.

Na ce ya bar mini. Ya dube ni, ya dubi injin, ya dubi agogo. Na san ba don ya yarda da ni ba ne, don babu wani ne.

"Wanga hannu na tafiya ne, wanga na haƙora," ya ce. "In ka juyo, ka juya bututu, kullum shi dubi fili. Kuma Zubairu, kada ka taɓa takalman."

Na ce, "Haba Hamidou, ni za ka koya wa aikin ƙanƙara?"

Ya shiga mota ya tafi. Bebi ta shige kicin wurin Kaltouma da jaririya, ta bar ni da abokin aikina.

Layi biyu na yi lafiya. Injin yana tafiya, ƙanƙara tana tashi sama fara sol tana zuba a fili, ni kuma ina jin kaina. Har na so a ce akwai mai kyamara. Sai na waiwaya in ga aikina, raina ya ɓaci. Duk inda na wuce akwai sauran fari a kwance, kaurin yatsu biyu, ko tsakuwa ɗaya ba a gani. Ni a gidan da na tashi, in ka share tsakar gida Hajiyarmu ba ta ga zanen tsintsiya a kan ƙasa ba, to ba ka yi shara ba, sai ka sake. Ranar biki kuwa har ƙofar gida ake sharewa a yayyafa ruwa, don baƙo daga ƙasa yake fara karanta masu gida. Yanzu a ce manyan mutane su zo da shadda da takalmin fata su taka wannan? Su ce Zubair ne ya share? Na yanke hukunci cewa Hamidou, duk da iya injinsa, mutumin karkara ne, bai san shara ta fita kunya ba.

Akwatin sifanoninsa yana nan a kan matakala. Na kwance notin nan huɗu, na tura takalman sama, bakin injin ya sauka ya zauna daram a kan ƙasa. Na ɗaure tamau. Har na tuna da maganarsa, amma na ce wa kaina ai bai san zan gyara ba ne, ya ɗauka ɓatawa zan yi.

Da na sake tayarwa, kukan ya canza. Wani ƙaras-ƙaras ya shigo ciki, kamar ana girgiza gyaɗa a gwangwani. Wanda ya yi shekara tara a gidan niƙa da tuni ya kashe. Ni kuwa na duba baya na ga ƙasa ta fito baƙa wuluk, na ce yawwa, yanzu aka fara aiki. Ƙanƙarar da ke fita ta bututu ta koma ruwan toka, ban tambayi kaina dalili ba. Na kai ƙarshen layi, na juyo da injin da ƙyar, ina haki, ina murna. Bututun ne kawai ban juya ba, ya koma yana kallon gida.

Tsakuwa ta fara sauka a jikin katakon gidan kamar ruwan sama a kan kwano. Kafin in tuna wane hannu ake saki, babbar tagar falo ta tarwatse. Falon da aka kwashe kujerunsa aka shimfiɗa dardumai don maza. Ina cikin lalube sai injin ya haɗiyi wani dutse kamar dunƙulen hannu, ya yi wata ƙara, ya girgiza. Inji yana ci gaba da kuka, haƙora sun tsaya cak, da ƙyar na kashe shi.

Bebi ce ta fara leƙowa ta inda taga take a da, da ludayi a hannu. Bayanta Kaltouma, rungume da jaririya cikin bargo. Ba wanda ya ji rauni, kicin ɗin yana baya, kuma har in mutu ba zan daina gode wa Allah a kan wannan ba. Bebi ta dube ni, ta dubi akwatin sifanonin da na bari a buɗe, ta juya ta koma kicin. Na gwammace a ce zagina ta yi. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Ina falo ina tsince gilashi daga darduma, iska tana shigowa kamar babu bango, na ji motar Hamidou. Ya shigo da Malam Sale ya zaunar da shi a kicin inda akwai ɗumi. Ya tambayi Kaltouma ko lafiya, ta ce lafiya. Ya fita wurin injin, na bi shi a baya ina shirya jawabi. Bai dubi taga ba, bai dube ni ba. Ya durƙusa ya dubi takalman. Ya daɗe a durƙushe, fiye da lokacin da ake bukata a gane abin da ya faru.

"Miƙo mini kile sha uku," ya ce. Sifana yake nufi.

Na miƙa. Ya cire wayar fulogi, ya sa sanda ya zaƙulo dutsen, ya ɗauko sabuwar ƙusa daga ledar da ya liƙe a ƙarƙashin mariƙi, ya sa. Ya nemo katakonsa biyu ya mai da takalman inda suke. Bai kai minti goma sha biyar ba, amma lokaci ya riga ya tafi. Motoci sun fara isowa. Ta farko ta shigo layin nan ɗaya, ta rasa wurin juyawa, ta yi baya ta faɗa cikin ƙanƙarar da ban share ba, ta toshe hanya. Sauran suka yi jerin gwano a bakin kwalta, mutane suna fitowa da manyan riguna a ƙarƙashin jaket, suna hura hannu.

Malam Sale ya fito ya ga taga, ya ga hanya. Wasu manya suka kewaye shi suna magana ƙasa-ƙasa. Falo ba ya zaunuwa, ga tsofaffi, ga sanyi, masallaci kuwa akwai hita. Kuma don ku san irin mutumin da ke ba ku labari, ni ne na ɗaga murya na ce gaskiya a koma masallaci ya fi. So nake kowa ya bar wurin nan kafin a fara tambaya.

Malam ya ce, "Hamidou, ko mu yi haka? Suna dai suna ne, ko'ina aka yi ya yi."

Hamidou ya share hannu a wandonsa. Muryarsa ba ta tashi ba. "Malam, shekara goma sha uku nike zuwa ƙofar mutane. Yau ɗai nike roƙo a zo tawa. Ku ba ni rabin awa."

Malam ya dube shi, ya ce to.

Ban taɓa ganin aiki irin na rabin awar nan ba. Hamidou ya tayar da inji ya share filin gaban ƙofa, layi bayan layi, bututu yana kallon gona, farar shimfiɗar nan ta yatsu biyu tana kwance a bayansa. Matasa suka ture motar da ta maƙale. Aka toshe taga da kwali da bargo saboda mata. Ya sa aka shimfiɗa tamfol a kan filin da ya share, aka ɗora tabarmi da dardumai, aka hura itace a rabin duro. Rana ta fito. Motoci suka hau hanya ɗaya bayan ɗaya, tayoyinsu suna danne sauran ƙanƙarar nan tana zama daɓe, ba wadda ta zame. Takalmin fatar kowa kuma bai ce komai ba.

Mutum arba'in da wani abu muka zauna a ƙofar gidan Hamidou, gwiwa da gwiwa, hayaƙi yana fita daga bakunanmu. Aka raba goro da dabino. Hamidou ya matsa ya raɗa wa Malam suna, aka kai rago gefen rumfa aka yanka, Malam ya ɗaga murya ya ce an samu Ramlatou, Allah ya raya. Sunan mahaifiyar Hamidou ne, wadda ta rasu yana New York bai samu zuwa ba, shi ya sa har yau Zinariya yake kiran yarinyar. Daga cikin gida muka ji guɗa. Na saci kallonsa lokacin fatiha, na ga tafin hannunsa ya daɗe a kan fuskarsa bayan kowa ya shafa. Ranar kuma wani ne ya fiɗe rago, shi yana zaune ana ba shi hannu.

Da an tashi a nan da na ji daɗi. Amma nama ya fara gasuwa, jiki ya yi ɗumi, bakin Ɗantala ya narke. Ya nuna taga da tsinken nama.

"Wai ni Hamidou, yaƙi aka yi a gidan nan? Wa ya harbe maka taga?"

Kowa ya juyo yana jiran dariya. Ina riƙe da haƙarƙari, na ji ya yi mini nauyi a hannu.

"Mashin ɗina ne," in ji Hamidou. "Ya ɗebi tsakuwa."

Aka fashe. Ɗantala ya ce mai niƙan gero ya ci gaba, yanzu tsakuwa yake niƙawa. Wani ya ce shi daga yau zai yi tunani kafin ya kawo injin ciyawarsa. Nan take aka laƙaba masa Maharbi. Hamidou yana murmushi, yana miƙa wa mutane nama. Sai wani bawan Allah ya juyo ya ce, "Zubair, kai da ka zauna Michigan, me ke sa inji ya yi haka?"

Ƙofa ce Allah ya buɗe mini, faffaɗa, in faɗi gaskiya. Na gyara zama. Na ce ai akwai wasu ƙarafa da ake kira takalma, in ba a saita su daidai ba bakin inji yakan shafi ƙasa, kuma a kan tsakuwa dole a bar kamar yatsu biyu. Har na nuna da yatsuna. Mutane suka gyaɗa kai, wani ya ce ilimi kogi ne. Hamidou ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, ya ci gaba da rabon nama.

A mota muna komawa, da muka shiga gari Bebi ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ka ci naman?" Na ce na ci. Ta ce, "Kuma ya wuce?"

Taga na sa an gyara a makon, wannan mai sauƙi ne. Sunan Maharbi kuwa ya zauna. A masallaci, a wurin aiki, har yara suka ɗauka. Duk wanda ya kawo masa gyara sai ya haɗa da zolaya, a rufe tagogi Maharbi zai taɓa inji. Sau biyu na ɗauki waya in kira Ɗantala, sau biyu na tambaye shi labarin iyali na ajiye.

Da ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fara tsirowa a watan Afrilu, Kaltouma ta gaya wa Bebi cewa Hamidou yana fama da filinsa. Duk tsakuwar da na cilla tana kwance cikin ciyawa, kuma ba zai sa injin yanka a kai ba sai an tsince ta. Ranar Asabar na je. Na same shi a durƙushe da bokiti, yana lalube da yatsu. Na yi sallama, ya amsa, ya nuna mini wani bokitin a gindin matakala kamar dama ya san da zuwana.

Mun fi awa guda muna tsinta, ba ka jin komai sai ƙarar tsakuwa a bokiti. Gwiwoyina suka jiƙe. Na shirya magana mai tsawo tun daga gida, da gabatarwa da komai, amma abin da ya fito gajere ne.

"Hamidou, me ya sa ba ka faɗa musu ni ne ba?"

Bai ɗago ba. Ya jefa tsakuwa biyu a bokiti.

"Mutum arba'in sun zo cin nama," ya ce. "Mutum ɗaya ya zo aiki tun da safe, da matarshi da tukwane. Shi zan tsayar gaban mutane a ƙofar gidana?"

Idona ya cika, na sunkuyar da kai ina laluben ciyawa inda babu komai.

"Ba nan ba," in ji shi. "Matsa gaba kaɗan, can ta fi yawa."